Jirgin Robar da Sifana Ya Ƙera wa Yayansa

Sifana ake kiransa a unguwa, don tun yana matashi ba a taɓa ganin aljihun wandonsa na baya babu sifana a ciki ba. Mai gyaran famfo ne. Rabin rayuwarsa a durƙushe ya yi ta a banɗakunan mutane, har gwiwoyinsa suka yi kanta. Yana da wata ɗabi'a da ke ƙure haƙurin masu gida: ba ya yarda da aikinsa sai ya gan shi da ruwa a ciki. Ya haɗa bututu ya ɗaure tamau, amma sai an buɗe ruwa ya bi kowace mahaɗa yana shafawa da bayan hannu. In an ce masa ai ya yi, ya tafi haka nan, sai ya ce shi dai bai taɓa ganin bututun da ya yi yoyo a bushe ba.

Wansa ne ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon sana'a, shi ya tsaya masa har ya yi aure. Direban tankar mai ne, mutum mai ƙaton murya, wanda in ya dawo daga tafiya layi gaba ɗaya sai ya sani. Rana ɗaya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Hagunsa ya tafi, harshe ya yi nauyi, dama kawai ta rage. Likita ya ce lallai ya riƙa motsa hannun nan yana fita shan iska, in ba haka ba damar ma za ta bi 'yar'uwarta. Yaya ya yi kunnen uwar shegu. Ya juya fuska bango, ya daina magana, don ya tsani yadda mutane ke ƙarasa masa zance kafin harshensa ya kai. Keken guragun da aka kawo masa kuwa ya zama wurin rataye tawul.

Abin ya ci wa Sifana rai ƙwarai. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, har kuka ya yi a bakin ƙofa inda ba mai ganinsa. Ya san in aka ci gaba a haka, a kan gadon nan wansa zai ƙare.

A waya ya ga abin, wata rana yana jiran a saki ruwa a wani gida. Wasu ne suka zuba ruwa a robar lemo, suka ɗura mata iska da famfon keke, ta tashi sama kamar roka tana feshi. Da ruwan ya ƙare, sai ga ta da fukafukai tana shawagi babu inji, wani a ƙasa yana juya ta da rimot. Ba jirgin ne ya tsaya wa Sifana a rai ba. Babban yatsan mai rimot ɗin ya zuba wa ido, don da shi kaɗai yake tuƙin, kuma babban yatsan Yaya na dama lafiyarsa ƙalau.

Daga ranar ɗakin ajiyar kayan aikinsa ya koma masana'anta. Harkar ruwa da iska dai ko a jikinsa: da guntun bututu da bawul ɗin tayar keke ya haɗa abin harba jirgin, ya sa masa sakatar da ake ja da igiya. Fukafukan ya yanko daga farin soson da ake naɗe sabon firji da shi, ya goge su da samfefa har garinsu ya cika masa gemu. Ya samo tsohuwar motar wasa mai rimot, ya ciro ɗan injin da ke juya ƙafafunta na gaba, ya ɗaura shi da siririyar waya zuwa jelar jirgin. Matarsa ta leƙo ta ga robobin lemo jibge har bakin taga.

"Malam, famfon gidanka na ɗiga tun bara, kai kana nan kana ƙera jirgi?"

"Ki sa bokiti," in ji shi.

A filin ƙwallon da ke bayan makaranta yake gwaji, matar tana buga famfo tana mita. Tashi kam ba a magana, jirgin kan yi sama kamar an kore shi, ya bar su sharkaf da ruwa. Amma da zarar feshin ya tsaya sai ya ɗaga kai, ya yi cak, ya rikito da gindi. Sifana ya liƙe, ya sake, ya kuma rikitowa. Ya ƙara faɗin fukafukai, ya rage, ya canza jela, duk a banza. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne kafin kowane gwaji sai ya zuba ruwan, ya ɗora fukafukan a kan yatsunsa biyu, ya ga jirgin ya zauna daidai, ba ya rinjaya gaba ko baya.

Wata la'asar ya biya gidan Yaya da jirgin a hammata. Matar Yaya ta tare shi da tsiya.

"A'a, ga matuƙin jirginmu! Yau ina aka sauka, kan rufin wa?"

Ya zauna bakin gado yana ba ta labari, don ya riga ya saba Yaya ba ya tankawa. Ya ɗauki butar da ke gefe ya tsiyaya ruwa a robar, ya ɗora jirgin a yatsunsa.

"Kin gani? Daidai yake wallahi. Amma da ya hau sama sai ya zauna da gindi."

Sai suka ji gado ya motsa. Yaya ya juyo, ya ƙura wa jirgin ido. Bakinsa ya ɗauki lokaci yana kokawa da kalmar. Matar ta buɗe baki za ta taya shi, Sifana ya ɗaga mata hannu.

"Zu...bar," in ji Yaya.

"In zubar da ruwan, Yaya?"

"Zubar. Auna."

Sifana ya juye ruwan a buta, ya mayar da jirgin kan yatsunsa. Nan take jela ta yi ƙasa, kai ya yi sama.

"Sakarai," in ji Yaya, a hankali amma ba gargada. "Da kaya... take hawa. Ba kaya... take dawowa."

Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tafiya da tanka cike yana dawowa da ita wayam ya san mota biyu ce daban. Shi kuwa mai famfo ko a mafarki bai taɓa gwada abu a bushe ba. Sifana ya yi dariya har da hawaye, bai taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ya matsar da batirin ɗan injin can gaba, ya laluba aljihu ya ciro notin famfo ya liƙa a hancin, yana yi yana kallon Yaya har sai da ya gyaɗa kai.

"Sai dai fa ni ban iya tuƙi ba," in ji Sifana.

Yaya ya harare shi, sannan ya kalli keken. Matar ta kwashe tawul ɗin da sauri kafin ya canza shawara.

Washegari da hantsi suka tura shi har tsakiyar filin. Sifana ya ɗora masa rimot a cinya, ya sa masa yatsan a kan 'yar sandar tuƙin. Matarsa da matar Yaya suka karɓi famfo suna yi bi da bi har robar ta yi tauri tana ƙara. Sifana ya yi bisimilla ya fizgi igiya.

Fuuu! Ruwa ya wanke su duka. Jirgin ya yi sama har ya koma ɗan ƙarami, feshin ya tsaya, numfashin Sifana ma ya tsaya. Sai jirgin ya sunkuyar da hanci kaɗan, ya miƙe, ya kama shawagi. Iska ta ja shi wajen bishiyoyin bakin katanga, matan suka ɗora hannu a ka. Yatsan Yaya ya motsa. Jirgin ya karkata, ya yi kwana mai faɗi irin ta babbar mota, ya dawo ta saman kawunansu, ya sake zagayawa, ya sauko a natse ya ja ciki a kan ciyawa.

Sifana ya manta da gwiwoyinsa, ya yi ta tsalle yana ihu, masu wucewa suka tsaya kallo. Matar Yaya ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Shi kuwa direba ko murmushi bai yi ba.

"Tana ja... hagu," ya ce. "Gyara. Sake."

Sai da rana ta take suka iya raba shi da rimot ɗin.

Kashegari Sifana yana durƙushe a banɗakin wasu wayarsa ta yi ƙara. Matar Yaya ce.

"Kai, zo ka ɗauki direbanka. Tun da safe ya sa aka yi masa aski, ga shi nan a bakin ƙofa cikin keke yana ta masifa wai ka makara."