Batir Uku a Wata Ɗaya

Gingimari goma sha biyu, kowace da batir biyu, kuma kusan duk shekara sai an canza. Cinikin da ya tako har ƙofar shagona ke nan ya juya, kuma muddin ina numfashi ba zan manta da ranar ba.

Zamanin kuɗin mai ne, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, duk wanda ka sani da keke sai ka gan shi a kan babur. Ni da tebur na fara a tasha, ina sayar da fulogi da bel, har Allah ya sa na buɗe shagon batir a unguwar Bolari a Gombe. Na sayi farar mota ta hannu, ina loda kaya a but ina kai wa masu saye.

Aibinta ɗaya ne. In ta kwana biyu a ajiye, sai ka murɗa makulli ka ji ƙyas, shi ke nan. Da wani ne ya kawo min ita, nan take zan ce masa akwai abin da ke shan wuta, a bincika. Amma tawa ce, ga batura jere a kantar shago har rufi. Sai in sauko da sabo, in zuba masa ruwa, in ɗaura, in tafi harkata. Maiɗakina ta taɓa ce min, “Maigida, wannan mota batir take ci kamar tuwo. Ba za ka duba ta ba?” Na ce mata kasuwa na ci, wa ke da lokacin tonon waya?

Akwai wani Alhaji, Bafillatani, mai jigilar auduga daga ƙauyuka zuwa Gombe. Shi ne mai gingimarin nan goma sha biyu. Ni kuwa Babarbare ne, ba ma haɗuwa sai mun taɓa wasa. Na daɗe ina bin sa ya riƙa sayen batir a wurina, yana cewa sai ya ga siton da nake ajiye kaya tukuna.

Na je Kano saro kaya a motar haya, na bar tawa a ƙofar shago. Washegarin dawowata da hantsi sai ga Alhaji, direbansa ya sauke shi ya wuce.

“Bawana,” ya ce, “tashi ka kai ubangidanka ya ga sito. In kayan sun yi min, yau mu gama magana.”

“Yau Bafillatani zai shiga mota mai kujera,” na ce, “ba bayan saniya ba.”

Ya shiga gaba yana dariya, ya tattare babbar rigarsa. Na murɗa makulli. Ƙyas. Na sake. Ƙyas.

Na fito da sauri zan ɗauko sabo, sai mai facin taya da ke maƙwabtaka da ni ya ɗaga murya, shi a wasa yake: “Mai batir, na uku ke nan fa da ya mutu a watan nan! Ko mu taso mu tura?”

Alhaji ya daina dariya. Ya leƙo ta taga ya ce, “Wanda ke ciki, na shagonka ne?”

Ban iya ƙarya a ciniki ba. Na ce nawa ne.

“Yaushe ka saka shi?”

“Bai yi sati biyu ba.”

Ya buɗe ƙofa ya sauko a hankali. “Babarbare, motocina a daji suke kwana da auduga a kansu. Wa zai tura min gingimari a can?” Ya tsayar da tasi ya tafi.

Ban ci abinci ba ranar. Na kashe komai na motar, na cire kan batir, na goga shi a hankali, sai ga ɗan tartsatsi. Wato wuta na fita alhali komai a kashe yake. Na haɗa ƙaramin ƙwai tsakanin batir da wayarsa, ya kama. Na shiga zare fis ɗin wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya, har na zo kan na fitilun ciki, ƙwan ya mutu. Na mayar da fis ɗin, na duba fitilar rufi, lafiya take. Sai na cire kujerar baya na leƙa cikin but yana rufe, ga haske tar. Baturan da nake lodawa ne suka lanƙwashe ɗan maɓallin da ke kashe fitilar in an rufe murfi. Na miƙar da shi da filaya. Kafin a kira la'asar an gama.

Bayan kwana biyu na same shi a garejinsa na bayyana masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe.

“Na yarda kayanka ba su da laifi,” ya ce. “Amma na riga na yi wa wani alkawari jiya. Kuma tsakani da Allah, mutumin da zai canza batir uku bai tambayi dalili ba, in nawa ya mutu, na huɗu zai sayar min.”

Gaskiya ya faɗa. Mun ci gaba da wasanmu har ya rasu, amma bai taɓa sayen ko ruwan batir a hannuna ba. Wanda ya ba wa cinikin, da shi ya gina gida a unguwar Malam Inna.

In na zauna lissafi, ga abin da nake gani. Na rasa cinikin motoci goma sha biyu, na kashe batir uku masu lafiya, duk don na ƙi ba da rabin yini. Abin da na samu shi ne, tun daga ranar ba na canza abu sai na san me ya kashe na farko. Darasi ne mai kyau, amma na saye shi da tsada.