Hancin Lindsay Pybus

A garinmu da ke tsibirin Tasmaniya, in ana zancen hanci sai a ce Lindsay Pybus. Mai gyaran firji ne, amma shi ne alƙalin ƙamshi a gasar furen wardi ta kowace shekara, kuma da a taɓa masa wannan kujera gara a taɓa masa mota.

Abin da ba wanda ya sani shi ne hancin nan ya daɗe da yin ritaya. Tun yana saurayi yake liƙe bututun firji da sandar liƙi mai kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, a shago ba taga, ga taba a baki. Haƙoransa suka yi rawaya, bayansa ya soma ciwo, fitsarinsa sai kumfa. Da matarsa Glenys ta tasa ƙeyarsa zuwa asibiti, likita ta ce gubar ta taru a ƙoda kuma babu maganin da zai wanke ta. Sai dai ya bar wannan liƙi, ya bar taba, ya sha maganin ƙarfafa ƙashi, a riƙa auna fitsari. Likitar ta tambaye shi ko yana jin ƙamshi. Gogan naka ya ce ai har turarenta ya dame shi. Ita kuwa ba ta shafa komai ba.

Taba ya bari, liƙi ya bari, amma kujera ya ce sai dai bayan ransa. Ranar gasa ya sha kwat, yana bin furanni yana lumshe ido, yana jinjina kai kamar mai ɗanɗana miya. Can ya tsaya a kan wani jan fure, ya ja numfashi, ya ce tunda yake bai taɓa jin irinsa ba, ya liƙa masa lambar farko. Ashe na roba ne, an ajiye don ado. Mutane har da riƙe ciki, kujera kuwa ta tafi a ranar.

A mota Glenys ba ta yi dariya ba. Ta dube shi, ta ce, "Tsoho, kullum da safe kana cewa gashina na ƙamshi. Shi ma ƙarya ce?"

Lindsay ya ji kunyar da ta fi ta ɗazu. Ya ce, "Ba ƙarya ba ce, tsohuwa. Ƙamshinsa na da nake tunawa."