Gaisuwar da Kaka Ke Jira

Abin da na fara gani a filin jirgin Doha wani allon talla ne: mace mai fararen haƙora ta kanga waya a kunne tana dariya. A ƙarƙashinsa Baba ya saya wa Mama layi. Har yau ina jin haushin haƙoran nan.

Muna isa gida a Ain Khaled, Mama ta buɗe manhajar hira ta kira Kaka a Katsina. Aka ɗauka, sai shiru. Ta sake, haka. Maƙwabcinmu, wani mai gadi ɗan Kumasi, ya leƙo ya ce, "Hajiya, kada ki wahalar da kanki. Masu layi ba sa son a yi magana kyauta. Sai dai ki sa kati, khalas, shi ke nan."

Ban tabbatar ba, amma na tsane su tun ranar. Kullum sai sun turo wa Mama tallar garaɓasar kiran gida. Ni ke gogewa.

Saƙon murya yana tafiya, sai dai Kaka ba ta gane masa ba. Goggona ke riƙe mata wayar. "Ƙawata, ina kwana?" Haka Kaka ke cewa a saƙon, sai ta dakata, tana jiran in amsa. "Ya baƙunta?" Ta sake dakatawa. A cikin shirun ana jin zakara, ana jin numfashinta. A saƙo na uku ta ce, "Yarinyar nan ta shiga ƙasar Larabawa ta daina amsa gaisuwa. To, Allah ya shirya."

Na aika nawa. Goggo ta ce Kaka ta ture wayar, wai ita ba ta hira da rediyo.

Ran Juma'a kaɗai Baba ke kira ta layi, bayan ya ajiye motar kamfani. Shi zai fara, sai Mama, can Katsina kuma kawunnaina su karɓe. Kafin a zo kaina kati ya kusa cinyewa, kowa ya zuba mini ido, Baba yana cewa "Yalla, yi sauri." Na buɗe baki ke nan wata murya ta masu layi ta katse mu da Larabci, cikin ladabi, kamar ba ta yi komai ba.

Juma'a uku haka. A ta uku Kaka ba ta ma tambaye ni ba.

Ran Alhamis Baba na ɗaure takalmi na tsaya a bayansa, ina murza bakin hijabina.

"Baba, don Allah gobe a fara ba ni wayar. Kuma ku ɗan fita waje, kai da Mama."