Garken Baffa Idirisu a Cikin Kwamfuta

Maharazu ya shekara goma yana buga tafireta a wata ma'aikata a Dutse kafin a kawo musu kwamfuta a 2001. Da yake shi kaɗai ne ba ya tsoronta, sai aka naɗa shi mai lulluɓe ta da zane in an tashi aiki.

A unguwar Takur yake zaune da Baffa Idirisu, ƙanen mahaifinsa, wanda annoba ta share wa garke tun 1983, ya koma zama a zaure yana kiran sunayen shanun da babu su. Maharazu ya ƙudura sai ya mayar masa da garken, ko da a wasan kwamfuta ne.

Da ƙananan alwatika ake ɗinka jikin saniya a kwamfuta. Tasa ta farko ta ci alwatika dubu uku cif. Da ya jera goma, injin ya hau nishi. Sai ya shiga rage kaya. Ya datse kunnuwa, ya mai da jela sanda. Saniyar da ke nesa ya bar ta da alwatika goma sha biyu. Wadda ta shiga bayan dutse ya hana a zana ta sam, kamar ma'aikacin da ke zuwa ofis sai ranar da kwamishina zai leƙo. Daga ƙarshe ya ƙera guda ɗaya ya maimaita ta sau sittin. Garke ya ruga a guje, sumul.

Ranar Asabar ya goyo Baffa a Vespa zuwa ofis. Tsoho ya daɗe yana kallo.

"Nawa ka ce?"

"Sittin, Baffa."

"Ɗaya dai. Kai da aka yaye da kindirmo, ka nuna mini saniya ɗaya sau sittin? Ina Wule mai karyayyen ƙaho?"

"Injin ba zai ɗauka ba, Baffa."

"To mai da ni gida."

Mako uku Maharazu yana tambayar kamannin Wule, yana mayar da duk abin da ya yanke, har da tabon cinyarta. Ta ci alwatika dubu tara. Ya goge sauran garken, duk da haka injin da ƙyar yake jan ta: ta yi taku ɗaya, ta tsaya, ta zabura. Ranar da ya sake goyo Baffa ya gani, kunya ta rufe shi, ya miƙa hannu zai kashe.

Baffa ya riƙe masa hannu.

"Bar ta. Ita ce. Tun da ta faɗa rami a Miga haka take ɗingishi."