Baturken da ya zo koyon baƙi

A shekarata ta biyu ta karatu a Madina na kama ɗaki a unguwar Anbariyya, a gidan da wani Baturke yake haya a sama. Masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, ana ce masa Duktur, wato dakta, gwajin rijiyoyin gonakin dabino na wajen Badar ya kawo shi. Ya kusa haifata, kansa duk furfura. Wata rana ya ji ina tilawa, sai ya sauko ya tsaya a bakin ƙofata, ya ce da Larabcinsa mai gargada, "Ya ustaz, ka koya mini karatun Alƙur'ani."

Na zaci zolaya ce. Ashe ko baƙi bai sani ba. Da boko zalla ya tashi, surorin da yake salla da su daga bakin kakarsa ya ɗauke su.

Ban taɓa samun ɗalibin da ya gajiyar da ni kamarsa ba. Ba ya karɓar komai sai da dalili. In na ce a ja nan, sai ya ce, "Me ya sa?"

Sai in ce, "Duktur, haka aka karɓo shi."

Sai ya yi tagumi, ya ce wannan ba amsa ba ce. Harafin ainu kuwa ya ƙi fita daga maƙogwaronsa, har nakan ji kamar in rufe littafin in fita.

Abokaina ɗalibai suka sa ni gaba, wai ina ɓata lokaci a kan mai aske gemu, mai zuwa Harami da kwat. Wani cikinsu ya faɗi haka da Larabci a tsakar gida, bai san mutumin yana saukowa ba.

Da muka zauna karatu ranar, bai buɗe littafi ba. Ya ce a jami'ar da ya bari a ƙasarsu, abokan aikinsa sun tarar da shi yana salla a ɗakin gwaje-gwaje, suka mai da shi abin dariya, har matarsa ta roƙe shi ya riƙa bari sai ya dawo gida. Shi ya sa ya nemi aiki a garin Manzo.

"Na ɗauka a nan ba wanda zai dube ni," in ji shi. "Ashe a nan gemuna ake dubawa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na je na yi wa abokin nan nawa faɗa, ya ce ai gaskiya ya faɗa. Muka daɗe ba ma magana.

Duktur bai fasa zuwa ba. Da ƙyar muka kai Sabbi, bakinsa ya fara sakewa, har ina jin daɗin sauraronsa. Sai ga labari cewa matarsa ba lafiya. Ya ajiye aikin, na raka shi filin jirgi, ina ɗauke da jakarsa ina cizon yatsa, don a lokacin ne karatun ya fara kama hanya. Bai sake dawowa ba, wani ɗan Sudan ya kama ɗakinsa.