Igiyar Fitilar da Inna Take Kashewa

Akwai abubuwa da yawa da suka shige mini duhu a rayuwa, amma faɗuwar mahaifiyata a lungun gidana na Tambuwal, da abin da ya jawo ta, wannan kam har in koma ga Allah yana raina.

Shekarar da idonta ya fara hazo na je Fakku na ɗauko ta, don ta zauna kusa da asibiti. Da ƙyar ta yarda. Inna mace ce da ta tashe mu da fitilar ƙwai guda, wadda ake hura wa iska da zarar an gama tuwo. A wurinta haske abu ne da ake tsiyayowa daga kwalba, kuma yana ƙarewa.

Tsakanin ɗakinta da bayi akwai wani ɗan lungu mai matakala, ga duhu ko da rana. Sai na sayo irin igiyar fitilar nan mai ƙananan idanu jere, wadda ake mannawa a bango. Na bi da ita ƙasa-ƙasa tun daga ƙofarta har bakin bayi. Da aka kawo wuta na kunna, lungun ya yi fes. Ina ta washe baki ina jiran yabo. Inna ta duƙa, ta kai fuskarta kusa, ta daɗe tana kallo.

"Wanga abu, idanu nawa gare shi?"

Na ce, "Inna, wa zai iya ƙirgawa?"

Ta ce, "Uhm." Ni kuwa da wautata na ɗauka burge ta ya yi.

Daga nan sai abu ya riƙa ba ni haushi. Kullum na bar igiyar a kunne, in na fito sallar asuba sai in tarar an kashe. Na yi wa matata faɗa, ta rantse ba ita ba ce. Na zargi soket, har na canza shi. Ban taɓa kawo Inna a raina ba, wallahi.

Ran nan da asuba muka ji ƙarar buta da salati. Na fito a guje na same ta zaune a ƙasan matakala, ta riƙe ƙugu, ga wuta an kawo amma lungun baƙi ƙirin. Allah Ya taƙaita, targaɗe ne ba karaya ba. Amma tsoron da na ji ya koma faɗa, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Inna, wa ya kashe fitilar nan?"

Ta kau da kai. "Ni ce. Kowane ido ai ƙwai guda na. Dubu nawa ka kunna saboda tsohuwa guda? Ina jin ka kana faɗin katin mita ya ƙare. Ni dai ka maishe ni Fakku, can ban ci ma kowa komi."

Na san in ta koma, maganin ido ya tsaya ke nan. Na yi ta bayani cewa irin wannan fitila ba ta da ci, duk tsawonta ba ta kai tsohon ƙwan nan mai zafi guda ɗaya ba. Ta ce daɗin baki ne na ɗan boko.

Matata ce ta kawo dabara. Da Inna ta fara takawa, muka kai ta gaban mita muka ajiye mata kujera. Akwai wani ɗan jan ido a jikin mitar da yake ƙiftawa daidai yadda ake shan wuta. Muka kashe komai na gidan, muka bar igiyar kaɗai. Inna ta zuba ido. Shiru. Har ta fara gajiya kafin ya ƙifta sau ɗaya.

"Barci shikai?" in ji ta.

Sai matata ta jona hitar dafa ruwa. Nan take jan idon ya shiga ƙifce-ƙifce ba kama hannun yaro. Inna ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Ashe ga ɓarawon nan, ni ina ta zaluntar 'yan bayin Allah!"

Muka yi dariya har da hawaye. Sai dai mun gyara wata mun ɓata wata, domin daga ranar hita ta shiga uku. Inna ta ɓoye ta a ƙarƙashin gadonta, muka koma ɗumama ruwa da itace. Igiya kuwa ta zama 'yar gata. In baƙi sun zo daga Kebbe, da kanta take jan su lungun tana cewa, "Ku gani, ido dubu, ciki babu."

Inna ta rasu bayan an yi mata aikin ido ta ga jikokinta tas. Igiyar tana nan, wasu idanun sun mutu, ban yarda a cire ba.

Abin da na koya shi ne, in tsohonka ya fara tsimi a gidanka, ba wutar yake aunawa ba, nauyin kansa yake aunawa. Ba zai faɗa maka ba. Zai dai kashe fitila ya bi duhu, don kada ka gaji da shi.