Mama Dunƙule, Wadda Ta Raba Babana Da Tsoron Abinci

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa ƙaramin asibitin unguwarmu, tun mai shara bai gama goge baranda ba. Ta rataye jakarta a ƙusa, ta saka farar rigarta, ta duba batirin na'urar gwajin sukari, sannan ta fito ta jera benci da kanta. Talata ce ranar masu ciwon sukari, kuma babu wanda yake karyawa kafin a gwada shi. Shi ya sa ba ta makara. Na sha jin tana ce wa sababbin ma'aikata, "Mutanen nan ba su sa komai a ciki ba, kada ku bar min su zaune."

Ma'aikaciyar jinya ce, shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Kaf unguwar nan, Mama Dunƙule ake ce mata, domin in ka tambaye ta yawan shinkafar da za ka ci, sai ta kama hannunka ta dunƙule shi, ta ce, "Ga ma'auninka nan, tare aka haife ku." Ni da nake wannan rubutu, sanadin babana na san ta.

Baba kafinta ne. Yayansa ciwon sukari ne ya ci ƙafarsa, aka yanke, bai shekara ba ya rasu. Don haka ranar da likita ya ce Baba ma yana da shi, ya dawo gida kamar wanda aka yanke wa hukunci. Ya daina cin shinkafa, ya daina burodi, ya daina wake, ko lemo aka ɓare a gabansa sai ya kau da kai. Wani abokinsa ya ce masa ɗaci ne maganin zaƙi, sai ya koma shan ruwan dafaffen ganye mai ɗaci safe da yamma, ga ƙwayar asibiti yana haɗiya ba fashi. Ni nake girki a gidan tun rasuwar Umma. In na kai masa abinci ya ture, ya ce, "So kike ki kashe ni?" Cikin wata biyu wandonsa ya daina zama a ƙugu.

Wata ranar Litinin da hantsi yana tsaga katako da inji a shagonsa, hannunsa ya hau rawa, gumi ya karyo masa, ya sulale ya faɗi gefen injin, zarto na ta juyawa. Maƙwabcinsa mai walda ne ya kashe injin, ya ɗauko shi a mota, na bi su asibiti.

Mama muka tarar. Ta huda yatsansa, ta dubi na'ura, ta dama sukari a ruwa ta ce ya sha. Baba ya dafe baki.

"Baba, sha," in ji ta. "Yau rashinsa ne ya kayar da kai."

Da ya sha ya dawo hayyacinsa, ta ja kujera ta zauna daf da shi, ta tambaye shi me ya ci jiya. Ya ce ba komai sai ruwan ganye, yana faɗa yana jiran yabo. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Wa ka gani ciwon nan ya wahalar?" Nan Baba ya ambaci yayansa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ta bar shi ya gama, ga layi a waje, sannan ta ce, "Ba a ce ka daina ci ba. Cewa aka yi ka san abin da za ka ci, da yawansa, da lokacinsa. Maganin da kake sha, in bai tarar da abinci ba, kai zai kayar." Ta juyo gare ni. "Ke ce mai tukunyar? To da ke zan yi magana, 'yata."

Ran Asabar, ranar hutunta, sai ga ta a gidanmu. Ta shiga kicin ta buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki farantin Baba ta raba shi da yatsa: rabi ganye da kayan lambu, rabin sauran wake ko kifi ko ƙwai, abin da ya rage shinkafa ko dankali. Ta ce in rage mai, in rage gishiri, sau uku a rana kuma a kan lokaci. Lemo ya ci ɗan itacen, ban da na kwalba. Da na nuna mata zumar da muka saya a madadin sukari, ta yi dariya ta ce, "Sukari ne ya sake riga." Abin da ya fi tsaya min shi ne da ta hana ni yi masa tukunya daban. "In kin ware shi, zai ji kamar horo ake masa. Ku ci tare, ku ma kun huta da zuwa wurina nan gaba."

Ranar Baba ya cinye farantinsa tas, ya lashe cokali, ya ce ashe girkina ya gyaru. Shekara shida ke nan. Yana shagonsa, da ƙafafunsa biyu, yana shan maganinsa, yana faɗa da masu kawo katako ɗanye.

Ba mu kaɗai ba ne. Wani direban bas da ke shan lemon kwalba huɗu a yini ya ba ni labari cewa ba ta ce ya bari rana ɗaya ba. Ɗaya ɗaya ta riƙa zare masa, har ya koma ruwa. Wata malamar makaranta ta ce da ta koka kan tsadar abincin masu ciwo, Mama ta raka ta kasuwa, ta nuna mata duk abin da take buƙata yana kan teburin masu kayan miya.

Mama, ke ce mai magana da mutum da yaren tukunyarsa. Ke ce ba ki taɓa miƙa wa wanda bai iya karatu ba takarda kin sallame shi ba. Babu allon da aka rubuta sunanki, amma ƙafafu da idanun da suka tsira ta hannunki suna yawo a titunan nan kullum, kuma mu da muke ganinsu muna alfahari da ke.

Mun gode, Mama. Allah Ya saka miki, Ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku matasan ma'aikata da za ku gaje ta, ku koyi jan kujera ku zauna kusa da marar lafiya. Ku kuma masu irin wannan majinyaci a gida, ku riƙa raka shi asibiti, musamman mai yi masa girki.

Baba ya ce in gaya miki kujerar da yake haɗa miki ta kusa, saura fenti. Ya ce kin daɗe a tsaye saboda mu, yanzu ki zauna.